Injin shara na cikin bango a gidan ƙauye: a binne bututun ko a bari?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga magina da masu aikin wuta. Ginin da nake yi a garinmu, gabas da Gumel, ya kai linta. Sashe biyu ne: nawa mai falo da ɗakuna uku ƙarƙashin rufi ɗaya, sai na Inna, ɗaki da falo da banɗaki, tsakar gida ce ta raba mu. Autanmu da ke Kanada ya ce kada in yi filasta sai na binne bututun injin shara a bango. Yadda ya yi min bayani, injin ɗaya ne babba, ana kafe shi a sito ko gareji. Bututu zai taso daga jikinsa ya bi ta bango ko silin, ya ɓullo a wuri biyu ko uku a cikin gida, kowanne da ɗan murfinsa. Mai shara ba ta jan inji, tiyo kawai za ta ɗauko ta soka a bakin, injin ya tashi can inda yake, ƙurar ta bi bututu ta faɗa bokitinsa. Ya ce shi zai sayi injin ya aiko.

Dalilinsa Inna ce. Tana da asma, kuma daga shigowar hunturu har fitarsa ba ta da sukuni. In za a share ɗakinta sai an fito da ita gindin darbejiya ta jira ƙura ta kwanta, duk da haka da daddare sai ka ji ƙirjinta yana kuka. To abin zai yi aiki a irin gidajenmu? Wutar layi ba ta zama a wajenmu, sola nake shirin sakawa. Birkila yana jiran in ba shi amsa.

Alhaji Babba na Babura:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa auta albarka da ya tuna da mahaifiya. Amma ni dai ban goyi baya ba. Gidan da aka yi wa wannan inji a rufe yake ruf, ƙofa da taga duk da roba a gefensu, iska ba ta shiga sai an ba ta izini. Mu kuwa rabin gidanmu a waje yake. Tsakar gida, rumfa, madafi, turken awaki, duk filin Allah ne. Ka duba sharar da ake kwashewa a gidanka da safe, nawa ce daga cikin ɗaki? Ƙaiƙayi ne da ganyen darbejiya da kashin awaki da rairayi. Wannan ba aikin tiyo ba ne, aikin tsintsiyar kwakwa ne. Ka ce wa yaron ya aiko da kuɗin, ka ƙara batir ko ka haɗa da na rijiyar burtsatse.

Maman Sadik:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa in sa baki, don mu ne masu riƙe tsintsiyar. Sharar tsakar gida ba ita ce ke wahalar da mu ba. Ka yayyafa ruwa ka share, iska ta kwashe sauran. Ta cikin ɗaki ce matsalar. Da hunturu za ka share falo da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan teburin gilashi. Kuma tsintsiyar laushi ba ta fitar da wannan ƙurar, tayar da ita take yi. Ka tsaya daidai inda hasken rana ya ratso taga ka gani, ƙurar na yawo a sama, in ka gama ka fita ta dawo ta sauka a kan gado da labule da kujeru. Mai asma ita yake shaƙa. In akwai abin da zai ɗauke ta ya fitar da ita daga ɗakin gaba ɗaya, bai kamata a yi saurin cewa a'a ba.

Auta:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Yaya ne ya sako ni a zauren don in yi bayani da kaina. Gidan da nake haya a nan da injin na same shi, kuma da shi muke shara.

Abin da Maman Sadik ta faɗa shi ne ainihin dalilina. Ƙaramin injin shara da ake ja a ƙasa yana zuƙar iska ta gaba ya fitar da ita ta baya a cikin ɗakin da kake, in matatarsa ba mai kyau ba ce ƙura mai laushi tana biyo iskar ta dawo. Wannan kuwa injin ba ya cikin ɗakin, kuma ana iya jan bututun fitar iskarsa zuwa waje. Duk abin da ya shiga tiyo ya bar ɗakin ke nan. Ƙararsa ma tana can, abin da za ka ji a ɗaki shi ne hucin iska a bakin tiyo.

Tiyon da muke da shi mita 9 ne, shi ne tsawon da aka fi sayarwa. Saboda tsawonsa ba kowane ɗaki ake yi wa baki ba, baki ɗaya a lungun da ɗakuna suka haɗu yana isa ɗaki biyu ko uku. Tare da bututun akwai siririyar waya mai ƙaramar wuta, bolt 24, da ke bin sa har jikin injin. Ita ce makunni: ka soka tiyo ko ka danna maɓallin hannunsa, injin ya tashi. A kicin akwai wani baki a ƙasa daidai daɓe, za ka taro shara da tsintsiya zuwa gabansa, ka taɓa shi da ƙafa, ya shanye. Bokitin kuwa a nan sau biyu ko uku muke zubar da shi a shekara.

Abin da ba na jin daɗinsa shi ne tiyon kansa. Yana da tsawo da nauyi, sai ka naɗe shi ka nema masa wurin ratayewa, kuma yana gogar gefen ƙofa in ba a sa masa riga ba.

Mai Sola na Ringim:
Auta, sannu da ƙoƙari. Kafin ka sayi komai ka juya injin gidanku ka karanta ƙaramin farantin da ke jikinsa. Kusan na tabbata za ka ga bolt 120, domin ita ce wutar soket a Kanada da Amurka. Tamu 230 ce. In aka soka wancan a nan, ƙonewa zai yi nan take. Za a ce a saya masa taransifoma mai rage wuta, amma wadda za ta ɗauki inji irin wannan babba ce mai nauyi, ga tsada, ga zafi, ga ɓarnar wuta. Ka nemi wanda aka rubuta masa 220 zuwa 240, da 50 a wajen hatz.

Yanzu lissafin sola, Baban Ummi. Irin waɗannan injuna suna cin wat 1,000 zuwa sama, manya su doshi 2,000. Mu ɗauki na 1,500. In an yi shara ta rabin awa, ya ci wat-awa 750. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da 2,400 a rubuce, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Ka ga shara ɗaya ta cinye fiye da rabin abin da batir ɗaya zai ba ka. Wannan ba abin tsoro ba ne in an san lokacin yi. A yi sharar da hantsi zuwa azahar, lokacin da faranti ke ba da wuta sosai, ba da asuba ba da batir ya kwana yana aiki.

Inda aka fi samun matsala shi ne tashin farko. Moto yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci a daidai lokacin da ya tashi. Inbata mai kVA 1 ko 1.5 kashe kanta za ta yi. Mai 3.5 za ta ɗauka, da sharaɗin ba a kunna famfon burtsatse ko dutsen guga a lokaci ɗaya ba. Kuma in inbatar ta bolt 24 ce, wat 1,500 yana nufin sama da amfiya 60 ke fitowa daga batir, don haka wayar batir ta zama mai kauri. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fitila da talabijin kam kada ma a gwada.

Auta:
Na duba, 120 ne kamar yadda ka ce, Malam. Akwai kamfanonin nan Kanada irin su Cyclo Vac da Drainvac da ke ƙera na bolt 220 zuwa 240 saboda kasuwannin ƙetare, zan bi ta nan. Kan shara mai burushi mai juyawa da muke amfani da shi a kafet shi ma wutar 120 yake ci, don haka ba zan haɗa da shi ba, sai wanda iska ke juyawa.

Oga Birkila Kazaure:
Ni maganar bangon ce ta dame ni. Auta, gidajenku na can katako ne a tsaye a jere, aka rufe da allo ciki da waje, tsakiya fanko. Bututu yana wucewa ba tare da an fasa komai ba. Namu bulo ne. Bututun inci 2 ba irin fayif ɗin wayarin ba ne da za ka ɗan tsaga bango ka tura. In bulon inci 6 ne, ka yanka masa hanyar inci 2 da ɗoriya daga sama har ƙasa, ka cinye fuska ɗaya ta bulon gaba ɗaya. Wurin zai riƙa tsagewa ko an yi filasta. Inci 9 ya fi haƙuri, shi ma a tsaye kawai, ban yarda a yanka shi a kwance ba. Linta da fila kuwa ba a taɓa su.

Baban Ummi, an zuba kankaren ƙasa ko tukuna?

Baban Ummi:
Tukuna, Oga. An cika ƙasa an daddaɓe, ba a zuba ba. Bangon waje inci 9 ne, na tsakiya inci 6.

Oga Birkila Kazaure:
To ka yi sa'a. In za a yi, ta ƙasa za a bi, a shimfiɗa bututu kafin kankare, ya ɗago a gindin bango kamar yadda ake yi wa bututun banɗaki. Hawansa a bango bai wuce tsayin gwiwa ba, ka ga ɓarnar kaɗan ce. Ta silin ban ba da shawara ba. Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin kwano da silin a watan Afrilu ya san abin da ke wurin. Robar PVC ba a so ta wuce zafin digiri 60, kuma wannan bututun siriri ne. In ya yi laushi ya lanƙwasa tsakanin katako da katako, rairayi zai riƙa kwanciya a wurin. Ga ɓeraye, su kuma siririyar wayar nan za su fara ci.

Ɗan Jidda:
Jama'a sannunku. Na yi aikin gyare-gyare a wani babban gida a Jidda da ke da irin wannan, na Italiya ne. Abin da Oga Birkila ya faɗa haka Italiyawa suke yi, don su ma da bulo da kankare suke gini: bututun milimita 50 a ƙarƙashin daɓe. Don haka ba gaskiya ba ne a ce sai gidan katako. Amma bari in faɗi abin da na gani da hannuna, don mai sayarwa ba zai faɗa ba.

Na farko toshewa. Abin da ke toshe bututu ba ƙura ba ce, dogon abu ne: tsinken sakace, ashana, murfin biro, fil ɗin ɗankwali. Ya gicciye a kwana, gashi da zare su taru a kansa, shi ke nan. Shi ya sa gwiwar farko, wato mahaɗin da bututu ke yin kwana da shi, da ke bayan bakin bango ake sa ta mai kaifin kwana da gangan, don duk abin da zai maƙale ya maƙale a nan inda yatsa zai kai. Sauran gwiwoyin duk masu faɗin kwana ake sawa. In falamba ya sa maka gwiwar ruwa ta kasuwa a ƙarƙashin kankare, ranar da ta toshe sai an fasa tayil. Haka kuma reshe ba ya haɗuwa da babban layi ta ƙasa, ta gefe ko ta sama yake shiga, kuma ya fuskanci wajen injin. In ba haka ba sharar wani ɗaki za ta riƙa zubowa a bakin wani.

Na biyu, bututun ba na famfo ba ne. Na Kanada da Amurka faɗinsa ta waje milimita 50.8 ne, alhali fayif ɗin ruwa mai kauri da ake kira inci 2 ya kai 60. Ba sa shiga juna. Kada Auta ya aiko da inji da bakuna kawai a ce za a nemo sauran a Ƙofar Ruwa. Gwiwoyi da mahaɗai duk su zo tare daga wuri ɗaya. Wajen haɗawa a yanka bututu daidai, a kankare gefen ya yi sumul, a shafa gam a jikin bututun ta waje, ba a cikin gwiwar ba, don in gam ya taru a ciki shi ma yana kama gashi. Kafin a zuba kankare a toshe bakuna a kunna inji a saurara ko akwai inda iska ke shiga.

Na uku, mutanen gida. A gidan da na yi aiki wata mai aiki ta zuƙe tokar kaskon turare da sauran garwashi a ciki. Allah ya kiyaye, jakar ce kawai ta ƙone. Bokiti cike da busasshiyar ƙura da zare, ga iska tana hurawa, ka san abin da garwashi zai yi. A gidajenmu da ba a rabuwa da turaren wuta, wannan doka ce ta farko. Ruwa ma ba a zuƙa sai in injin na ruwa ne. Ƙurar siminti da ta filasta bayan an gama gini ita ma kada a ce za a gwada sabon inji da ita, nan take take liƙe matata.

Alhaji Babba na Babura:
To kun ji. Wuta sai an yi lissafi, bututu sai daga ƙetare, falamba sai an koya masa. Ranar da ya lalace fa? Wa zai gyara a Gumel? Na ga kayan zamani da yawa da 'ya'yanmu suka aiko da kyakkyawar niyya, yau suna sito an ɗora musu buhunan gero. Ba ƙin ci gaba nake yi ba, Baban Ummi. Tsohuwa nake ji wa, kada a sa mata rai a abin da zai yi wata shida ya tsaya.

Mai Sola na Ringim:
Ranka ya daɗe, wannan tambayar tana kan hanya. Amma moton ba baƙo ba ne. Irin mai gawayi ne, wato 'yan guntayen kabon da ke kai wuta cikin moto, dangin na giranda da injin huda bango, kuma masu gyaran su suna nan a Sabon Gari, har ma a manyan garuruwanmu. Abin da ke cinyewa gawayin ne. Auta ya haɗo da gawayi na ajiya da matata da jakunkuna, in da hali har da moto guda. Abin da zai fi wuyar samu shi ne ɗan allon da ke karɓar saƙon makunni, shi kuma ko ya mutu ana iya zagaye shi da rile na kasuwa, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa.

Zafi ne abin da na fi jin tsoro. Wasu injunan da iskar da suka zuƙo suke sanyaya moto, in matata ta toshe sai moto ya yi zafi. Wasu kuma suna da fankar sanyaya moto daban. A garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, na biyun ya kamata a nema. Kuma kada a kulle shi a ƙaramin sito marar taga.

Anti Nas Haɗeja:
Ina ta karantawa, bari in yi magana a kan Inna, tunda dominta ake yi. Yaya Baban Ummi, ko an sa injin ko ba a sa ba, akwai abubuwan da suka riga shi. Kada a shimfiɗa mata kafet daga bango zuwa bango, a sa tayil, sai darduma ƙarama da za a iya fitarwa a kakkaɓe a wanke. Labule ya zama marar nauyi. A riƙa goge ƙasa da kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan hayaƙi: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin itace daga madafi, duk suna tayar da asma, kuma babu injin sharar da ke maganinsu. Ka duba inda ka sa madafi, kada iska ta riƙa kai hayaƙin tagarta. Maganin shaƙarta kuma kada a sassauta don an ga ɗaki ya yi fes, ta ci gaba da zuwa asibiti yadda aka tsara mata.

Game da injin, hujjar Auta mai ƙarfi ce. Amma akwai ƙananan injuna masu matatar HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). In jikin injin ba ya yoyon iska, shi ma yana rage ƙurar da ke dawowa. Sai dai matatar tana cika, kuma da irin ƙurarmu za ta cika da wuri, sai an riƙa sayen sabuwa.

Malam na Sakandare, Ɗambatta:
Ƙarin bayani kan dalilin cikar matatar. Ƙurar hunturu ba rairayin ƙofar gida ba ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki ne, iskar arewa maso gabas ta ɗauko ta ta kawo mana. Abin da ya iya tafiyar nan a sama dole ya zama mai laushi ƙwarai, shi ya sa take shiga ta ko'ina. Kenan bokitin da Auta ke zubarwa sau biyu ko uku a shekara, a nan sai an riƙa duba shi a kai a kai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A ganina mai jaka ya fi, a cire a ɗaure a yar, da wanda sai an tsaya kakkaɓe matata ƙura ta turnuƙe mutum.

Kuma tunda daga arewa maso gabas iskar take zuwa, bututun fitar iska ya kalli yamma ko kudu, nesa da taga, don abin da ya fito ya yi gaba. Ajiye inji a waje a zura tiyo ciki ma ba sabon abu ba ne. Injin da Hubert Cecil Booth ya yi wa rajista a Ingila a 1901 doki ne ke jan sa, ya tsaya a bakin titi, a zura dogayen tiyo ta taga.

Maman Sadik:
Malam ya tuna min. Duk bututun da aka bari a buɗe a waje, zanzaro zai yi ɗaki a ciki, ƙadangare ma zai shiga. A sa masa murfi mai buɗewa da iska ko raga mai faɗin ido.

Sannan ina da tambaya ga Yaya Baban Ummi: an tambayi Maman Ummi? Ita da yara ne za su ja tiyon nan. In sharar sai da hantsi, a lokacin yara suna makaranta, ita kuma tana kan girki. A zauna da ita a ji ko tsarin zai yi mata.

Baban Ummi:
An tambaye ta. Ta ce ita sashenmu bai dame ta ba, tayil da mofa sun ishe ta. Na Inna ne take so a yi wa wani abu, don ita ke share shi kuma ita ke ganin halin da tsohuwa ke shiga.

Ɗan Jidda:
To ai Maman Ummi ta warware maganar. Wahalar duk tana wajen haɗa sashe biyu da inji ɗaya. Sai bututu ya ratsa tsakar gida ta ƙarƙashin ƙasa, a sa shi cikin wani fayif mai kauri saboda nauyi da ruwan damina, ga tsawo yana rage ƙarfin zuƙa, ga shi in ya toshe a tsakiya babu mai kai hannu. A bar wannan. Sashen Inna ɗaki ne da falo. Bakin tiyo guda ɗaya a bangon waje kusa da ƙofar da ta haɗa su, injin a bayan bangon daidai wurin, bututun da bai fi mita ɗaya ko biyu ba. Tiyon mita 9 zai kai kowane lungu. Babu abin da aka binne a kankare, in ya toshe ka cire ka zura sanda. Ƙaramin inji ma ya isa, ka ga an rage wa inbata nauyi.

Kafin ma Auta ya kashe kuɗi, ana iya gwadawa da injin nan mai kamar durom da masu wankin mota ke amfani da shi. A ajiye shi a bayan taga, a ƙara masa tiyo, a share ɗakin da Inna ke kwana yanzu. In an ga sauƙi a ƙirjinta, sai a yi na dindindin.

Alhaji Babba na Babura:
Wannan kam na yarda da shi, don in bai yi ba asarar rami ɗaya ce a bango. Amma ina nan kan bakana game da tagogi. In taga luba ce kuma ƙasan ƙofa yatsa biyu na shiga, ko sau biyar aka zuƙe a yini ƙurar za ta dawo. A fara kashe kuɗi a nan.

Oga Birkila Kazaure:
Gaskiyar Alhaji ce. Tagar alminiyam mai buɗewa kamar ƙofa, mai roba a gefe, ta fi mai zamewa riƙe ƙura. Ƙofa a sa mata roba a ƙasa. Silin a liƙe gefensa da kyau, don ƙura da yawa ta saman take zubowa. In da hali a yi ɗan dandamali mai rufi a ƙofar sashen inda za a cire takalmi, rairayi ya tsaya a nan.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da muka tsayar ni da Auta. Ba za a binne komai a sashena ba. Na Inna za a yi wa bakin tiyo guda ɗaya, injin a bayansa. Tagogi da ƙofa za a yi yadda Alhaji da Oga suka ce, kafet kuma an fasa. Akwai mai wankin mota a Gumel da muke mutunci, zan aro injinsa a gwada ranar da ba shi da aiki. Oga, bangon yamma na sashen shi ne na banɗaki da ɗan lungu, na gabas kuma shi ne kan gadonta. Wanne za a huda?

Oga Birkila Kazaure:
Na yamma, ta lungun. Ruwan sama daga gabas yake dukan bango, kuma ba a so ƙarar inji a kan gadon tsohuwa. Ka ce wa birkilanka ya bar rami mai faɗin inci 3 a tsayin gwiwa, ya zura guntun fayif a ciki ya toshe da takardar siminti, kada ya yi filastar wurin sai bakin ya iso an gwada shi. A waje ya ɗaga ɗan ɗaki mai rufi, ƙasansa ya ɗara tsakar gida tsayi saboda ruwa, gefe biyu da bulo mai huji don iska, da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. A bar sarari a ƙarƙashin injin yadda bokiti zai fita.

Mai Sola na Ringim:
A ja masa layinsa shi kaɗai daga allon rabon wuta, waya mai milimita 2.5, da wayar ƙasa. Auta, kafin ka biya ka turo min hoton farantin injin in ga wat ɗinsa, da shi za mu zaɓi inbatar.